Kaba Ce Ta Tare Mana

Aisami taubashina ne, ɗan gwaggona Aisa, don haka tun ranar suna aka ba ni izinin zaginsa, kuma ban bar izinin ya lalace ba. Na zage shi muna yara, na zage shi da gemunsa da furfurarsa. Amma yau ba shi zan zaga ba. Akwai waɗanda suka fi shi dacewa da zagi, kuma ni Garbai ina cikinsu.

Gajere ne, mai faɗin ƙafa, baƙi wuluk, ga rowar magana. Mu Mangawa ne, yarenmu muke yi a gida, Hausa kuwa ta kasuwa ce da gaban manya. Ni uwata Bahaushiya ce daga Damagaram, a nono na sha Hausa. Shi kuwa Hausarsa guntuwa ce kamar shi. Yakan ɗauko magana ya yar da wutsiyarta a hanya. In yana son guga sai ya ce "miƙo", ya bar ka ka nemo abin da za ka miƙa. Wata rana wani Bahaushe ya tambaye shi ina matarsa Yabawa, ya ce "ta tafi", mutumin ya cire hula ya fara yi masa ta'aziyya, alhali rijiya ta tafi. Mun yi wata guda muna dariyar wannan. Ku riƙe wannan hali nasa, don shi ne ya ci mu daga baya.

Ƙauyenmu yana kudu da Gure, a kan hanyar Bune, tafiyar yini ga mai ƙafa. Ƙasar rairayi ce, tudu bayan tudu, a tsakaninsu kuma kwari. Namu kwarin tsakiyarsa fari fat ne da kanwa, ko ciyawa ba ta fitowa. Gefensa na gabas tudu ne mai tafiya, kowace shekara iskar gabas tana turo shi ciki taku biyu ko uku. Ruwa yana kusa, ka haƙa zurfin gaba ɗaya ko biyu ka same shi, amma wa zai haƙa rijiyar da rairayi zai cike kafin shekara ta zagayo? Jakai ne kawai ke zuwa lasar kanwa, shi ya sa ake ce masa Kwarin Jakai.

Da ƙuruciya Aisami yana bin fataken kanwa zuwa Gashuwa. Sauran samari in sun dawo, wani da turmin zane, wani da madubi. Shi sai ya dawo da taiki cike da ƙwallon goruba wanda mutane suka gaigaye suka yar a kasuwa. Wallahi da idona na gan shi a kasuwar Gure yana bin bayan masu cin goruba yana tsintar abin da suka tofar. Ya kai su bakin kwarin ta gabas, daidai ƙafar tudun, ya yi ta binnewa. Da suka tsiro suka zama kaba, ya kewaye su da ƙaya don awaki. Shekara ta biyu ya ƙara jeri, ta uku ya ƙara. Shekara bakwai yana wannan aiki bai ci ko ƙwaya ɗaya daga wurin ba. Ni na sa masa suna Sarkin Noman Jakai, sunan kuwa ya kama shi har a wurin biki. Yabawa ta sha kuka a kan wannan suna, kuma ban taɓa ba ta haƙuri ba.

A shekara ta takwas tudun ya tsaya. Kaba ta yi duhu, ta kama ƙasa da saiwa, rairayi in ya zo sai ya taru a gindinta ya kwanta. Sai a lokacin Aisami ya sauka cikin kwarin. Ya riƙa durƙusawa yana ɗanɗana ƙasa da harshe, taku bayan taku. Inda ya ji ɗacin kanwa ya wuce, inda ya ji daɗi ya kafa tsinke. Tsakanin farin kanwa da kabar ya sami wata ƙasa baƙa mai zagaye kwarin, ya haƙa rijiya, ya kafa jigo. Ya dasa 'ya'yan dabino, ya sa itacen rogo da ya zo da shi daga Gashuwa, da dankali, da albasa, da alkama in sanyi ya shigo. Duk da haka ban daina zaginsa ba, sai dai na fara rage murya in na ga kwandon albasa ya nufi gidanmu.

Sai shekarar fara, wadda 'yan lakwal, masu karatun boko, ke cewa 1931. Saura kwana kaɗan a yanke gero ta sauka, ta tashi ta bar mana kara tsirara. Ta ci ganyen rogon Aisami ma, ta ci na dankalin, amma fara ba ta da dagi, abin da ke ƙarƙashin ƙasa ya fi ƙarfinta. A ƙauyukan da ke kewaye da mu mutane suka koma cin anza da tonon gidan tururuwa, wasu suka ɗaure kaya suka yi kudu ba su sake dawowa ba. Mu kuwa kullum da hantsi Yabawa tana bakin garka da kwando, kowane gida da rabonsa. Ba a ƙoshi ba, kada in yi ƙarya. Amma ba mu binne kowa don yunwa ba, kuma ba gidan da aka rufe. Bakin da ya sa masa suna Sarkin Noman Jakai, da shi na ci rogon nan wata biyar.

Daga nan kowa ya so garka. Aisami bai hana kowa ba, amma yana da doka ɗaya. In ka zo neman itacen rogo ko ɗan dabino sai ya ce, "Ƙwallo tukuna." Ma'ana ka je ka binne goruba a ƙarshen jerinsa, ka kewaye ta da ƙaya, sa'annan ka dawo. Mata masu saƙar tabarma kuma su yanki kaba ta ciki, kada su taɓa wadda ke fuskantar tudu. Cikin shekara uku jigo ya zagaye kwarin, tun daga nesa kana jin kukansa. Albasarmu ta yi suna a kasuwar Gure, alkamarmu har Damagaram take zuwa. Samari suka daina tafiya cin rani, don aikin rani ya samu a ƙofar gida. Ana cin tuwo sau biyu a bazara, abin da kakanninmu ba su sani ba. Mutanen wasu ƙauyuka suka riƙa zuwa su ɗauke shi a jaki ya je ya ɗanɗana musu nasu kwarin. Wani wurin ya ce a sa rogo, wani wurin ya ce dabino kawai, wani wurin ya tofar ya ce, "Ku bari. Kanwa." Sai su ci gaba da kwasar kanwarsu suna saye daga wurinmu. Ba wanda ya tilasta wa kowa, gani ne ya kori ji. Sunan Kwarin Jakai ya ɓace, aka koma cewa Kwarin Aisami.

Yanzu ina jin 'yan lakwal suna ta musu a kan yadda ƙasar matalauta za ta yi arziki, wannan ya kawo tasa, wancan ya kawo tasa, duk daga cikin takarda. Ni na ga abin da idona sau ɗaya a rayuwata. Na ga yadda yake zuwa, a hankali, a bayan mutumin da ake yi wa dariya. Na kuma ga yadda ake kashe shi, kuma waɗanda suka kashe shi taimako suka ce sun zo yi.

Albasar ce ta tona mana asiri. Ta kai teburin bariki, aka tambayi daga ina take. A kaka ta 1934 sai ga wani Nasara mai duba noma, wanda muka sa wa suna Mai Igiya, don duk inda za shi akwai mai ɗauke masa da doguwar igiyar awo. Ba mai faɗa ba ne, kullum cikin murmushi yake. Ni kuwa gara mini mai bulala, ka san ta inda za ka kauce. Ya zo da gardi biyu, dogaran bariki, da tafintansa Abarshi, Bahaushe ɗan ƙasar nan, mai farar riga da laushin hannu.

Kafin su iso Bulama Fannami, mai garinmu, ya ja Aisami gefe, ina tsaye.

"Aisami, ka cire takalmi, ka zauna ƙasa, idonka a ƙasa. Abin da aka tambaye ka shi za ka amsa. Gaban manya magana ɗaya ake yi, wanda ya tsawaita shi ke kwana a gidan kaso. Ka ji ni?"

"Na ji."

Na ce, "Bulama, Allah ya ba ka nasara, bebe kake ce wa ya rage surutu."

Aka yi dariya, har da shi Aisamin.

Mai Igiya ya zagaya garake, ya auna wannan ya auna wancan, ya ciro albasa ya jinjina ta a hannu. Ya ji daɗi ƙwarai, ana gani a fuskarsa. Sai ya iso gabas ya tsaya gaban kabar, wadda a lokacin ta fi garaken kansu faɗi. Ya daɗe yana kallonta, ya kira Abarshi.

Abarshi ya ce, "Ya ce aikinka ya yi kyau. Ya ce me ya sa garkar ba ta wuce nan ba? Wannan dajin na mene ne?"

Aisami, idonsa a ƙasa, ya ce, "Kaba ce, ranka ya daɗe. Ita ta tare mana."

Nan ya tsaya, kamar yadda ya saba, kamar yadda aka gargaɗe shi.

Kowa a wurin ya san abin da yake nufi. Ta tare mana rairayi, kamar yadda wa ke tare wa ƙanensa faɗa. Amma Hausa tana da wata tarewar, irin ta saniyar da ta kwanta a hanya ta tare maka wuri. Kalma ɗaya ce ke raba su, ita ce Aisami ya yar a hanya. Abarshi ya juya ya yi wa Nasara yarensu, na ga ya ɗaga tafin hannu yana turawa gaba kamar mai ture bango. Mai Igiya ya kaɗa kai, ya ciro littafi ya rubuta. Bai sake tambaya ba. Mutum ya zo daga bayan teku, ya tarar da abin da aka yi shekara goma sha biyar ana ginawa, ya yi masa tambaya ɗaya tak!

Ni kuwa ina zaune taku uku a bayan Aisami. Hausata ta fi ta kowa a garin, kullum ina taƙama da ita. Na ga hannun Abarshi, na gane ya juya maganar. Kalmar tana kan harshena: rairayi. Na ɗaga ido na ga bulalar gardi a rataye, na tuna maganar Bulama, na haɗiye ta. Ni mai surutun da ba a gama taro sai an ce mini in yi shiru, ranar da surutu zai yi amfani na zama mai ladabi. Har yau in na tuna sai in ji kamar in ciji yatsa ya fita.

Kafin su tafi aka ba Aisami farar riga da jar hula, aka ce daga yau shi ne shugaban garka. Muka yi ta murna kamar wawaye. Mun manta kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Bayan wata guda gardi ya kawo umarni. A share kabar duka don talakawa su sami fili, a shuka gyaɗa a wurin, jeri miƙe da igiya. Kuma duk wani kwari da ya kwaikwayi namu ya yi haka. Bulama ya ji ya dafe kai, ya ce shi ba ya jayayya da takarda. Washegari ni da Aisami muka kama hanyar Gure. Kwana uku muna zaune a ƙofar biro, ofishin bariki, ba a bar mu mun ga Nasara ba. Ran na uku da azahar Abarshi ya fito yana sakace.

Na ce, "Malam Abarshi, maganar nan ba haka take ba. Rairayi ne kabar ta tare mana, ba wuri ba. In aka cire ta tudun nan zai sauko."

Ya dube ni ya ce, "Yo ni ban sani ba? Ba a ƙasar nan aka yanke mini cibi ba?"

"Ka sani? To don Allah don Annabi me ya sa?"

"Kai dai ba ka san Nasara ba, Garbai. Tun yana kan doki ya ga filin gyaɗa a wurin nan. Tambayar da ya yi, amsarta tana aljihunsa. Ni aikina in miƙa masa abin da ya zo nema. Ku da kuke wurin, wa ya ce uffan?"

Gaskiya ya faɗa.

"To yanzu ka shiga ka gyara," in ji ni.

"In gyara me? Takarda ta tafi Damagaram, daga can ta wuce Yamai. An rubuta cewa ya gano abin da ya hana talakawa ci gaba, an ma aiko masa da yabo. Ku ce in shiga in ce masa ya yi kuskure, kuma ni na sa shi? Ina da iyali. Magana zarar bunu ce, ta takarda kuwa ta fi."

Aisami ya cire jar hular ya miƙa masa. "Karɓi."

"Ba a mayar da kyautar Nasara. Sa abarka ku kama hanya tun da sauran rana."

Muka dawo, tafiyar yini guda, Aisami ko dubana bai yi ba. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Da aka fara aikin muka yi dabara. Kaba in ka sare ta daidai ƙasa tana tofowa, damina ɗaya ta dawo. Muka yi ta sara sama-sama muna rufe kututture da rairayi, gardi kuwa baƙi ne daga yamma, ba su san kome ba. Kwana shida muna haka har mun fara murmushi a ɓoye. Ran na bakwai Abarshi ya zo duba aiki. Ya sauka daga doki, ya sa ƙafa ya ture rairayi, kututture ya bayyana. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Da a ce ya hau dokinsa ya tafi, da ba wanda zai sani, Nasara bai san kaba tana tofowa ba. Amma ya kira gardi ya ce a tone saiwa a tara a ƙone. Da ɗan gari akan ci gari. Allah ya isa tsakaninmu da Abarshi, na faɗa a gabansa daga baya, ina kuma faɗa yanzu.

Aisami ya ƙi taɓa dagi. Suka sa masa farar rigar, suka ɗaure shi a jikin dabinon da ya fara dasawa, ya yini a rana. Bai motsa ba. Washegari suka canja dabara, suka ce duk ranar da shugaban garka bai yi tono ba, mutum goma za su sha bulala a gabansa. Aka kwantar da na farko, wani dattijo maƙwabcinsa. Bulala biyu aka yi, Aisami ya ce a kwance shi daga dabinon. Ya karɓi dagi ya nufi jerin farko, wanda ya binne da hannunsa yana saurayi, ya fara tona. Saiwar kaba tana da zurfi, ba ta fita da arha. Kwana arba'in muka yi, daidai lokacin da ya kamata muna kan jigo, albasar shekarar ta bushe a fangali. Hayaƙin kuwa har daga Bune ana hango shi.

Tun daga wannan lokaci Aisami ya canja. Bai sake yar da wutsiyar magana ba. In yana son ruwa sai ya ce, "Yabawa, miƙo mini ruwan sha, na cikin randa, a ƙoƙo, zan sha." Da farko mutane suka so yin dariya, da suka dubi fuskarsa suka fasa. Ni taubashinsa ne, wasa haƙƙina ne, amma wannan ban taɓa shi ba.

Gyaɗa ta yi kyau a shekarar farko, ba zan ɓoye ba. Ƙasar da ta sha ganyen kaba da kashin awaki shekara da shekaru, ina za ta ƙi? Mai Igiya ya zo ya tsaya gaban dalar gyaɗa aka ɗauke shi hoto, ya yi wa Aisami murmushi ya daddafa masa kafaɗa. Aka ƙara masa girma aka kai shi wata ƙasa, na tabbata ya je can yana ba da labarin yadda ya ceci Mangawa daga kaba. Shekara ta biyu gyaɗar ta ba da rabi. A ta uku tudun ya tashi. Rairayin da aka tsare tsawon shekaru ya sauko gaba ɗaya, ya bi ta kan filin gyaɗa, ya shiga garake. Mu kwashe yau, gobe mu tarar ya dawo da ɗan'uwansa. Rijiyoyi suka cike ɗaya bayan ɗaya, sai itacen jigo ka gani a tsaye ba guga. Muka kafa shingen kara, ya haye shi cikin kwana goma. Aisami ya koma tsintar ƙwallo yana binnewa, amma kaba shekara bakwai take so, rairayi kuwa yana binne tsiron tun yana ɗan yatsa. Haka aka yi a kowane kwari da ya bi sawunmu. Samari suka koma cin rani, 'ya'yana biyu suna ciki, ɗaya har yau ban san inda kabarinsa yake ba.

A 1938 aka aiko wani sabon Nasara, siriri, mai saurin fushi. Nasara ya canja, gardi sun canja, tafinta kuwa Abarshi ne dai, ya ƙara ƙiba. Nasaran ya zo da takardar wancan a hannu, yana neman garkar da aka rubuta. Ya duba takarda, ya duba rairayi, ya yi ja wur. Aka tara mu a bakin kwarin muka zazzauna ƙasa. Ya yi ta faɗa, Abarshi yana juyawa, ko kunya babu a idonsa.

"Ya ce ku malalata ne. Ya ce an gyara muku garka kun bari ta mutu. Ya ce me ya sa ba ku dasa wani abu ya tare muku rairayi ba? Ya ce a wasu wurare masu hankali kaba suke sawa."

Na ji jini ya hau mini kai. Kafin in buɗe baki Aisami ya miƙe tsaye, da takalminsa a ƙafa. Bulama yana jan gefen rigarsa, bai ko waiwaya ba. Ya dubi Nasaran cikin ido.

"Ranka ya daɗe, ni ne Aisami, ɗan Aisa. Ni na binne ƙwallon goruba a gabas da kwarin nan, da hannuna, shekara goma sha biyar. Gorubar ta zama kaba. Kabar ta tare mana rairayi. Rairayi ta tare mana, ba wuri ba. Ɗan'uwanka mai igiya ya zo ya tambaye ni, na faɗi rabin magana, wannan mutumin da ke kusa da kai ya cika sauran da ƙarya, yana sane. Aka ɗaure ni a dabinon can, aka doki mutane a gabana, aka sa na tone kabar da hannuna na ƙone ta da wuta. Mu ba malalata ba ne. Mun ci da kanmu a shekarar fara ba ku ba mu ko zangarniya ba. Ba mu roƙe ku ku gyara mana ba. Abin da muke roƙo, in kun ga abu yana tafiya, ku tambayi mai shi sau biyu, in ba za ku iya ba ku bar shi."

Tun da aka haife shi bai taɓa magana mai tsawon wannan ba, kuma ba kalmar da ya yar. Gumi yana zuba daga gemunsa. Wasu dattawa suna share hawaye. Ni kuwa na ce yau ko kaso ne mu tafi tare.

Nasaran ya juya wajen Abarshi. Abarshi ya rusuna ya faɗi wasu kalmomi, ba su fi huɗu ba. Fuskar Nasaran ta saki. Ya kaɗa kai, har ya yi ɗan murmushi, ya rubuta wani abu a littafi, ya nufi dokinsa.

Na tashi na kama linzamin dokin Abarshi. Gardi ya ɗaga bulala, ban saki ba. Abin da ya kamata in yi ke nan tun shekara huɗu da suka wuce.

"Me ka ce masa?"

"Sakar mini doki, Garbai."

"Wallahi sai ka faɗa. Me ka ce masa?"

Ya sunkuyo ya rage murya. "Na ce kun gode da shawara. Daga kaso na tsame ku, ku da ba ku san alheri ba."

Aisami yana tsaye kusa, ya ji. Ya juya ya nufi gida, yana tafiya a kan rairayin da rijiyarsa take ƙarƙashi. Bai sake yin Hausa da kowa ba, ko a kasuwa sai dai ya nuna da hannu. Bazarar da ta biyo baya ya kwanta, ciwon bai fi na kwana tara ba, ya rasu. Da muka je gyara ɗakinsa muka tarar da taiki biyu na ƙwallon goruba a bayan ƙofa. Yabawa ta koma wurin danginta a Gidigir. Jar hular kuwa ni na jefa ta a murhu.

Kwarin yanzu ba shi da suna. Ba a ce masa na Aisami, don kunya, ba a kuma ce masa na Jakai, don kanwar ma ta binne, jakai sun daina zuwa. Abu ɗaya ya rage, dabinon nan na farko da aka ɗaure shi a jiki. Rairayi ya haɗiye shi har wuya, kansa kaɗai ke waje, amma saiwarsa tana cikin ruwa, kowace shekara yana 'ya'ya. Da can da igiya nake hawa in yanko wa Aisami nonon dabino, ina zaginsa daga sama cewa gajartarsa ce ta sa ya dasa abin da ba zai kai ba. Yanzu durƙusawa nake yi in tsinka. In na cika ƙwarya nakan kai wa jikokinsa, ni ba na iya ci.

Kafin in tashi kuma nakan faɗi kalmar da na haɗiye, da ƙarfi, yadda ya kamata in faɗe ta ran nan. Rairayi. Ba Nasara a wurin, ba tafinta, ba Aisami. Sai shi rairayin, yana gangarowa a hankali yana cika sawun gwiwata.